Ƙararrawar da Ba a Kaɗa wa Kawu Ba

A waya na ga rasuwar Kawu, ina tsaye cikin jirgin ƙasa na LRT a hanyar komawa gida unguwar Sri Petaling, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe. Ba wanda ya kira ni. Wani ne daga 'yan ƙauyenmu ya saka hotonsa a gurup ɗin da muke gaisawa, ya manna hoton kyandir a gefe, ya wuce abinsa. Kafin jirgin ya tsaya wasu sun aiko da fuskar kuka, wani kuma ya saka tallan kajin da yake sayarwa. Haka labarin mutuwar yayan mahaifiyata ya iso mini, tsakanin kyandir da kaji.

Washegari falonmu ya cika. 'Yan zumuntarmu na nan Kuala Lumpur, galibi mutanen Kaduna da Filato, suka yi ta hawowa, takalma suka taru a bakin ƙofa har maƙwabcinmu ɗan asalin ƙasar Sin ya rasa inda zai sa ƙafa. Allah ya saka musu da alheri, domin a ƙasar mutane zuwan ma kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da na gani zan faɗa.

Shugaban zumunta ya zauna kusa da maigidana, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya zaro biro.

"Sorry o, Madam. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Shi marigayin Rabaran ne, ko dattijon ikilisiya? So that mu sa a announcement ranar Lahadi."

Na ce, "Mai kaɗa ƙararrawa ne."

"Ah. Okay, okay." Ina kallo biron ya koma aljihu.

Wani ɗalibi da ke zaune a ƙasa da faranti a cinya ya ɗago kai. "Aunty, people still dey ring bell? Mu a wajenmu speaker ake sawa tun tuni." Aka yi 'yar dariya, hira ta koma kan biza da tsadar haya a Wangsa Maju.

Mutum ɗaya ce ta yi mini tambayar kirki, maƙwabciyata 'yar Kano da ke karatun digiri na uku. Ta shigo da ledojin shinkafa da ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, a wajen mamak, mai gidan abincin ƙasan bene, ta bi ni kicin.

"Maman yara, ya haƙuri? Ki daure ki ci wani abu, na san tun safe ba ki yi makan ba. Na ji kin ce ƙararrawa. Kamar ladaninmu ke nan?"

Na ce kusan haka ne.

"Ashe babban mutum kuka rasa. Allah ya ba ku haƙuri. To shi wa zai kaɗa masa?"

Tambayar nan ce ta sa na kira Mama nan take, ina jingine da firji. Bayan mun yi kukanmu mun gaji na ce, "Mama, wa ya kaɗa?"

"Ba a kaɗa ba," in ji ta. "Kuma dattawan ikilisiya sun ce ranar biso ma ba za a kaɗa ba. Baffanki ya sa wa ƙararrawar sarƙa da kwaɗo."

An ce mini muryata ta kai falo, har hirar biza ta tsaya. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Mutumin da ya kaɗa wa matattun ƙauyenmu ƙararrawa tun kafin a haife ni, shi ne za a fitar da shi shiru kamar ana kai mushe bayan gari. Dalilin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan, don kada a manta da shi, kada kuma a manta da abin da aka yi masa.

Wanda bai tashi a irin ƙauyenmu ba zai ce mene ne abin ɗaga murya a kan ƙarfe. Bari in yi bayani. Ƙararrawarmu tana rataye a kan wasu ƙarafa a gaban majami'a, a inuwar mangwaro, da doguwar igiya. 'Yan ƙararrawa ƙungiya ce ta maza kaɗan, wasu a wajenmu, wasu a ƙauyen tsallaken rafi, inda majami'ar da ta fita daga tamu take. Ba albashi, ba riga, ba kujera a gaba. Su ke tashin gari don addu'ar asuba, su ke kiran sujada, kuma kowane bugu da muryarsa: na aure da rawar kai, na gobara ba tsayawa, na mutuwa a hankali. Ko kana gona ka ji, ka san ko bokiti za ka ɗauka ka ruga, ko hula za ka cire. Kawu ne babbansu. Ba wanda ya naɗa shi, shi ne dai ya koya wa kowannensu riƙon igiya.

Bugun mutuwa yana da ƙa'ida. Idan gawar tamu ce, tamu ƙararrawar ke kira: a ja sau ɗaya, a jira har muryar ta mutu murus a kunne. Sai tsallake su amsa da nasu bugun, shi ma a jira ya mutu, sannan mu sake kira. Kira da amsa, kira da amsa, har na gonakin nesa su iso gida. Tsallake ba sa farawa a kan gawar da ba tasu ba, amsawa kawai suke yi, mu ma haka muke yi musu.

Mai amsawa a tsallake taubashin Kawu ne, ɗan goggonsa. Su ba su da ƙararrawa ta gaske, ƙarfen tayar babbar mota suka rataya a bishiya suna bugu da guntun rodi. Shekara da shekaru mutanen nan biyu suna faɗa a kan abu guda: taubashin ba ya iya jira. Muryar tamu ba ta gama mutuwa ba zai ɗora tasa a kai. Na taɓa bin Kawu ina yarinya, bayan bison wata tsohuwa, ya naɗe wando ya ratsa rafi don kawai ya je ya yi masa faɗa.

"Kai, mai faci! Gaggawar me kake yi? Wadda ta mutu mota za ta shiga?"

"Kai ne kake barci tsakanin bugu da bugu," in ji taubashin. "Kafin ka sake ja har na nome kunya biyu."

"Shirun nan da kake tattakawa, a cikinsa mutane ke tuna wanda ya tafi. Ka bar musu abinsu."

"To, sarkin shiru. Zauna ka sha kunu."

Suka sha kunu suna tsiyar juna, aka rabu da dariya. Da aka sake yin mutuwa ya sake yin gaggawarsa, Kawu ya sake naɗe wando. Haka suka tsufa.

Akwai wata ƙa'idar da Kawu ya ɗora wa kansa, ita ce ta fi zama a raina. Ba ya taɓa igiya sai ya tabbatar na jikin mamacin sun ji da baki. Yakan ce bai kamata uwa ta ji mutuwar ɗanta a bakin ƙarfe ba. Idan matar tana gona, gona zai bi ta. Idan ɗan yana kasuwar gaba, zai hau kekensa. Mutane su yi ta ƙorafi wai an yi mutuwa tun safe ba a ji ƙararrawa ba, shi ko a jikinsa.

Ranar da babana ya rasu a asibitin cikin gari ina 'yar sakandare, ina rafi ina wanki. Na hango Kawu yana saukowa, yana tura kekensa da hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, kwashe kayan nan mu je gida." Na ce ban gama ba. Sai ya tsuguna, dattijo guda, ya shiga matse mini zannuwa yana jerawa a kwano. Sai da ya ɗaure kwanon a bayan keke sannan ya riƙe hannuna ya faɗa mini, a fili, ba kewaye-kewaye. Ya bar ni na yi ihuna na gaji a bakin ruwan nan inda ba mai kallona, sannan ya kai ni hannun Mama. Daga nan ma bai nufi majami'a ba. Sai da ya bi ta gonar ƙanin babana, wato Baffa, ya faɗa masa, ya riƙo shi har gida. Baffan nan dai da ya sa kwaɗo. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yi masa kwalliya don ya mutu. Yana da taurin kai kamar jakin da ya ga rafi. Kunnensa na dama ya daɗe da tafiya saboda ƙarar ƙarfe, kuma ya san amfaninsa: duk maganar da ba ya so, ta dama yake juya mata. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce man gyaɗarta ya fi ƙarewa a wuyan ƙararrawa da a tukunya. Idan sabon ɗan ƙungiya ya fizgi igiya, zai sha faɗa har ya yi da-na-sanin zuwa, da yamma kuma ya ga Kawu a ƙofar gidansa da rake ko dafaffiyar gyaɗa, kamar ba shi ba. Lokacin da matar gidan da ke jikin majami'a ta yi doguwar jinya, ya naɗe harshen ƙararrawa da tsumma. Wata da watanni gari na tashi da murya ƙasa-ƙasa, masu nauyin barci suna makara suna gunaguni. Bai kwance tsumman ba sai da ta miƙe.

Kuma kowa yake kaɗa wa. Wata damina wata motar kaya ta faɗi a gadar bakin gari, direban ya mutu, ba wanda ya san sunansa balle addininsa. Kawu ya ja igiya. Da aka tambaye shi ya ce, "Ƙararrawa ba ta tambayar katin baftisma. Baƙo ya mutu a ƙasarmu, ku fito." Mutane suka fito suka zauna da gawar har danginsa suka zo. Dattawan wancan zamanin ba wanda ya ce uffan, wasunsu ma su suka kawo tabarma.

Abin da ya jawo kwaɗo kuwa ga shi. Akwai wata gwauruwa a bakin kasuwa, kowa Goggo yake ce mata. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya, ta rene su da dafa burkutu, saboda haka aka daɗe da hana ta cin jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke ci tare a majami'a. Ban ce burkutu abin kirki ba ne, na ga gidajen da ya rusa. Amma na san ƙofar bayan gidan Goggo, kuma duk ƙauye ya san ƙafafun da suka fi taka ta da magariba. Wasu daga cikin ƙafafun nan ranar Lahadi a kujerar gaba suke miƙewa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

'Yan shekarun baya dattawan ikilisiya, Baffa na shugabansu, suka kafa doka: ba za a ƙara kaɗa ƙararrawar mutuwa ba sai ga cikakken memba wanda ba ya cikin horo. Wai don mutane su ji tsoro su gyara halinsu. Aka karanta a sujada. Kawu ya juya musu kunnen dama.

Da Goggo ta rasu ya yi yadda ya saba. Ya nemi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya je ya ja igiya. Tsallake suka amsa, da gaggawa kamar kullum. Mutane suka baro gona, aka binne ta kamar mutum.

Dattawa suka kira shi. Mama ce ta ba ni labarin zaman, domin tana bakin taga tare da rabin matan gari. Baffa ya ce, "Ka san doka?" Kawu ya ce ya sani.

"To me ya sa ka kaɗa wa mai burkutu?"

"Ni ban kaɗa wa burkutu ba. Tukunyar tana nan da ranta, ku je ku gani, ai kun san hanya. Matar ce ta mutu."

An ce ɗaya daga cikin dattawan sai da tari ya sarƙe shi. Suka ce ya tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ya roƙi gafara, magana ta wuce. Ya ce idan ya ce ya yi nadama, ƙarya zai yi a ɗakin Allah, kuma wannan ya fi jan igiya nauyi. Sai suka sa shi a horo: ba jibi, ba igiya, ya koma bencin baya, inda ake zaunar da mazinata da ɓarayin akuya. Tsoho mai furfura, wanda shi ya kaɗa ranar auren yawancin masu yanke masa hukuncin.

Zuwana gida na ƙarshe a bencin nan na same shi. Na shiga ana ta nuna mini kujerar gaba, wai 'yar ƙasar waje ta zo, na wuce na zauna kusa da shi ina huci. Da aka tashi na ce zan je in wanke Baffa tas. Ya riƙe mini gyale.

"Uwata, zauna. Bencin baya ya fi iska."

"To in ba za ka bar ni in yi faɗa ba, Kawu, ka ba su haƙurin mana, ko na fatar baki ne, a wuce wurin."

Ya dube ni kamar na zage shi. "In tashi in ce na yi kuskure da na kira mutane su binne ta? 'Ya'yanta fa suna zaune a ɗakin."

Abin da ya fi ƙona mini rai, bai daina zuwa ba. Kullum asuba yana gindin ƙararrawa kafin mai aikin ranar ya iso, hannuwa a baya, yana cewa, "A hankali, kada ka fizge ta." Shi ke shafa mata mai har ƙarshe, domin igiya dokar ta hana shi, ba ta ambaci mai ba. A zuwan nan ne ya tambaye ni ko a Malesiya muna da ƙararrawa. Na ce a saman wani kanti muke sujada, waya ce ke tashinmu, ita ke kawo mana kowane labari. Sai ya ce, "To idan ɗayanku ya mutu, wa ke zuwa ya gaya wa uwarsa?" Na yi dariya a lokacin, na ce Kawu duniya ta ci gaba.

Da ya rasu fasfona yana wajen sabunta biza, ba inda zan iya zuwa. Waya kaɗai gare ni, da ita na yi yaƙin. Na kira Baffa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da jiki da gona, don kada a ce 'yar Malesiya ta manta tarbiyya.

"Baffa, na ji an ce ba za a kaɗa wa Kawu ba."

"'Yata, ba ni ba ne, doka ce. A cikin horo ya mutu. Mun ba shi hanya ba sau ɗaya ba, ya ƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"Wa ya riƙo ku daga gona ranar da Baba ya rasu?"

Ya ce, "Wannan daban. Idan muka buɗe masa, gobe kowa zai yi abin da ya ga dama, ya ce ai an kaɗa wa wane. Ke kina can, mu ke riƙe da ikilisiya."

"To kwaɗon fa, Baffa? Wa kuke tsoro?"

"Abokansa. Tsofaffin nan ba sa jin magana."

"Ku ji tsoron Allah, Baffa. Ku ma wata rana za a ɗauke ku a kafaɗa."

"Ki gaida maigidanki," in ji shi, ya kashe.

Na kira fasto, saurayi ne sabon zuwa. Ya ce shi zuciyarsa tana tare da mu, amma dattawa ne suka ɗauke shi aiki. Zuciyarsa! Me za mu yi da zuciyar da ba ta da makulli? Sauran 'yan ƙararrawa na wajenmu kuwa, ɗaya ya je wurin Mama yana hawaye, wai da ba don kwaɗon ba da ya ja igiyar ko da za a kore shi. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Amma a ƙauyen da kowane gida akwai gatari, ban taɓa jin kwaɗo ya gagari mai niyya ba. Satin nan haka na yi shi, ina zuwa aiki Bukit Jalil ina dawowa, duk ƙarar da ƙofar jirgi ta yi sai raina ya ɓaci. 'Yata ta gaji da ganin fuskata, ta ce da ubanta, "Why is Mummy fighting over a bell?" Ya ce ta bar ni.

Da hantsi aka yi bison a gida, a nan kuwa la'asar ta yi. Ƙanwata ta kira ni da bidiyo ta ɗaga wayar sama don in gani. Na zauna a baranda, maigidana a gefe, maƙwabciyata 'yar Kano ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Hoton yana tsinkewa yana dawowa. Na ga akwatin a kafaɗun samari. Ba a shiga da shi majami'a ba, ta gabanta aka bi. Ƙanwata ta juya wayar da gangan don in ga ƙararrawar: an naɗe igiyar a sama, sarƙa ta ɗaure harshen, kwaɗo sabo fil yana ƙyalli. Sabo! Wato har kasuwa aka aika aka sayo shi saboda Kawu.

Jama'a sun yi yawa, 'ya'yan Goggo na gaba-gaba. Amma tafiyar ba sauti sai na takalma. Matan zumunta suka ɗauko waƙa, ta mutu a bakinsu kafin su kai amshi. Ban taɓa ganin gawa ta ratsa garinmu haka ba, kunya ta kama ni kamar ni na aikata.

An sauke akwatin a bakin kabari, fasto ya buɗe littafi, sai na ji wani abu a wayar, can nesa. Na ɗauka layin ne. Ƙanwata ta matso da bakinta ta ce, "Yaya, kin ji? Tsallake ne."

Ƙarfen taya ne. Bugu ɗaya, mai kaushi, irin wanda Kawu ya yi shekaru yana yi wa tsiya. Muryar ta ratso rafi ta mutu. Sai shiru. Na san shirun nan, duk wanda ke wurin ya san shi: gurbin tamu ƙararrawar ne, inda ya kamata ta kira. Taubashin Kawu, mutumin da tun ina yarinya bai taɓa iya jira ba, ya tsaya ya bar mata wurinta cif, tsawon da za ta yi kira har muryarta ta mutu. Ba ta kira ba. Sannan ya amsa.

Ya sake jira. Ya sake amsawa.

Fasto ya rufe littafinsa. A hoton na ga kawuna suna juyawa wajen majami'a, daga nan kuma wajen Baffa, wanda ke tsaye a gaba cikin babbar riga, hannunsa ɗaya a aljihu. Duk lokacin da shirun ya zo sai kukan mata ya tashi a cikinsa. Mama, wadda ta daure tun safe, a nan ta zube. Na zuba wa hannun nan ido ina jira ya fito daga aljihu. Allah ya sani na jira. Na ce a raina ko yanzu ya miƙa wa wani makullin, na yafe masa duka, domin daga makabarta zuwa majami'a ba wani nisa ba ne. Hannun bai fito ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa har aka gama tura ƙasa, tsallake na ta amsa kiran da ba a yi ba.

Maƙwabciyata ta tambaya a hankali, "Me ya sa yake tsayawa haka?" Maigidana ne ya ce, "Jira yake a kira."

Tun daga ranar wasu ke cewa a gurup wai shi ke nan, ai an kaɗa masa, Allah ya yi masa sakayya, in bar maganar. Ba zan bari ba, domin ba a kaɗa masa ba. Ƙauyen wasu ne ya buɗe baki, namu ya yi gum, kuma duk wanda ya tsaya a kabarin nan ya ji da kunnensa.

Da aka kwana biyu Mama ta ratsa rafi ta je yi wa taubashin godiya. Ta same shi kwance, kafaɗa ta kumbura, ana gasa masa da ruwan zafi. Ya ƙi karɓar godiyar.

"Godiyar me? Ni ban kaɗa masa ba, ba hurumina ba ne, gawar taku ce. Amsawa na yi." Ya juya fuska bango, sannan ya ce, "Ja'irin, sai da ya mutu ya koya mini jira. Ki gaya wa dattawanku ban ajiye rodin ba. Duk ranar da suka kira, ina nan."

Kawu, yayan uwata, ɗana ta wajen suna, Ubangijin da ka yi ta tashin gari domin sunansa ya karɓe ka, ya zaunar da kai inda ya ga dama, na san ko baya ne ba za ka yi ƙorafi ba. Ya ba Mama haƙuri. Ni kam haƙurin bai zo mini ba tukuna, kuma ban roƙa ba. Na je na sami shugaban zumuntarmu na ce ya zaro biron nan nasa ya rubuta "mai kaɗa ƙararrawa," haka nan, ba ragi ba ƙari. An karanta ranar Lahadi a saman kantin da muke sujada.

Ku kuma 'yan garinmu da za ku karanta wannan a waya, kada wanda ya aiko mini da kyandir. Tsohon nan na tsallake ya tsufa tukuf, kafaɗarsa ba za ta daɗe tana jira ba. Makullin yana aljihun Baffa, kuma kun san gidansa.